Romon Apo a Gidanmu na Samaru

Na sauka a Gwanzu da jaka ɗaya, da akwatin kayan aikina, da lambar wayar mutum ɗaya tak. Sunana Nura, makanikin keken ɗinki ne ni. Shekara goma sha ɗaya ina da rumfa a Sabon Garin Zariya, bayan layin teloli, kullum da yamma in hau bas in koma gidanmu a Samaru. Abin da ya kai ni ƙasar Sin shi ne injin surfani mai kwamfuta, wanda teloli ke kira monogiram. Injin ya cika gari, amma in ya tsaya sai an ɗauko mai gyara daga Kano ko Legas. Wani ɗan ƙasarmu mazaunin can, wanda kowa ke ce wa Manaja, shi ya yi mini alkawarin zai shigar da ni masana'antar da ake ƙera injin, in yi wata shida ina koyo.

Shi ya zo ɗaukata a filin jirgi. Ya rungume ni kamar ɗan'uwansa na jini. Ba mu yi nisa a mota ba ya miƙo hannu.

"Kawo fasfonka. Dole a yi maka rajista wurin 'yan sanda, in ba haka ba ka shiga uku a garin nan."

Na ba shi, har da godiya.

Ba masana'anta ya kai ni ba. Wani sito ne a cikin lungu, can gefen birni, cike da kwalayen takalma da cajar waya har rufi. A samansa akwai ɗaki mai katifa ɗaya, tagarsa tana kallon bangon wani gidan. Ya ce sabon aji bai buɗe ba tukuna, kafin nan in ɗan taya su ɗaure kaya. Na ce ai ba komai. Sati ya wuce na tambaya, ya ce sati mai zuwa. Wata ya wuce, ya ce shugaban masana'antar ya yi tafiya. Hannuwan da suka saba da sukundireba suka koma jan salatif da ɗaga kwali daga safe har la'asar sakaliya.

Duk ranar Juma'a nakan kira gida. Matata Hadiza, uwar 'yarmu Ummi, ce ke ɗauka, in mun gaisa ta kai wa Baba wayar. Mahaifina ya yi shekara talatin yana tuƙa tarakta a gonar gwaji a Samaru kafin ya yi ritaya, kuma babu wanda yake ganin girmansa kamar mutumin da ya san cikin inji. Tun da na tafi ya daina kirana Ɗanlami yadda ya saba.

"Injiniya! Yaya karatu?"

"Lafiya lau, Baba."

"Sun fara ba ka injin ka kwance da kanka?"

"Sun fara."

"Madalla. Ka riƙa rubuta komai a littafi, kada ka dogara da kai kawai."

Ina ajiye wayar sai in ji bakina yana ɗaci.

Abinci shi ne ya fi ba ni wuya. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yajin da Hadiza ta ƙulla mini sun ƙare a wata na biyu. Akwai gidajen abinci na Musulmi a birnin, amma sai ka canja jirgin ƙasa sau biyu kafin ka kai, ni kuma rana ɗaya nake samu a sati. A lungunmu kuwa duk tukunyar da na leƙa ina tsoron alade. Na koma burodi da shayi da dafaffen ƙwai. Wandona ya fara zamewa, na huda wa bel ɗina sabon rami da ƙusa. Ga ruwan sama ba dare ba rana, har bangon ɗaki yana gumi, kuma ko kaɗan ba ya ƙamshin ƙasa irin na farkon damina a Samaru. Wata rana ina cikin ɗaure kwali na ji kamar kwandasta yana kiran "Kwangila, Sabon Gari, PZ!" Sai da na leƙa waje. Wani mai sayar da kankana ne ke talla da yarensu.

A bakin lungun akwai wani ɗan shagon abinci mai tebur huɗu. Mai shi tsohuwa ce, gajera, gashinta fari fat, kowa yana ce mata Apo, wato kaka. Kullum na wuce sai ta bi ni da ido, ba gaisuwa ba murmushi. A bayan shagon tana da ƙaramin injin murza ƙullu, kuma na yi kwanaki ina jin ƙararsa ba daidai ba. Makaniki ba ya iya wuce irin wannan ƙara hankalinsa kwance. Ranar da injin ya tsaya cak, na tarar da ita tana dukansa da tafin hannu. Na nuna injin, na nuna ƙirjina. Ta kalle ni daga sama har ƙasa, sannan ta matsa gefe.

Na koma ɗakina na saman sito na ɗauko akwatina, karo na farko da na buɗe shi tun zuwana. Boris ne ya fashe, bel kuma ya saki. Mai gyaran babur na kusa yana da boris daidai girman. Kafin azahar inji ya tashi sumul. Apo ta tafa hannu sau ɗaya, ta tura ni kan kujera, ta dire mini kwano yana tururi.

Ƙamshin ya kusa kayar da ni. Amma na ciro waya na rubuta, wayar ta juya mata da rubutunsu: ni Musulmi ne, ba na cin alade. Ta karanta, ta ɗauke kwanon ta shige ciki. Na koma sito ina cewa a raina na ɓata wa tsohuwa rai.

Bayan kwana uku zazzaɓi ya kama ni. Na fito da rana neman magani, sai na ji an riƙo hannun rigata. Apo ce. Ta ja ni har kicin ɗinta. Ta nuna mini tukunya sabuwa fil, takardar kanti tana manne a gindinta. Ta nuna ludayi sabo, katakon yanka sabo, wuƙa sabuwa. Wata mata mai kimanin shekara arba'in da biyar ta fito daga ciki, ta ce mini da Turanci ita ce Alin, 'yarta.

"Mama ta sa na tsallaka gari jiya, na sayo kaza wurin mahautan Musulmi. Ta ce in gaya maka wannan tukunyar taka ce kai kaɗai, ba abin da zai taɓa shiga cikinta sai abin da kake ci. Ta ce kuma ka zauna kafin ka faɗi ka fasa mata kwanuka."

Romo ne garau, kana hango gindin kwano. A sama taliya siririya kamar zare, ruwan ɗorawa, tana ɗan ƙaras a haƙori. A ƙarƙashinta wasu 'yan ƙulle-ƙulle, kowanne da ɗan jela, an naɗe kaza da jatan lande a cikin fatar fulawa mai laushi. Wantan suke kiransa. Na sa na farko a baki, ban san lokacin da ya wuce ba. A na uku hawaye suka zubo mini, na rasa yadda zan tsayar da su. Apo ta juya baya ta kama goge teburin da babu komai a kansa.

Daga ranar nan hutuna na rana ya koma shagonta. Ban roƙe ta ta koya mini girki ba. Ita ce ba ta iya ganin hannu a zaune. Ta nuna mini yadda ake gasa busasshen kifi har ya yi ƙamshi kafin a jefa shi cikin ƙasusuwan kaza da ɓawon jatan lande, da yadda ake rage wuta kada romon ya yi bori ya gurɓace. Ta nuna mini ƙullun ƙwai da fulawa da wani ruwa mai kaifi da take ɗigawa kaɗan. Na ɗanɗana a yatsa na yi dariya, don ɗan'uwan ruwan kanwa ne. A bango akwai hoton mijinta marigayi yana zaune a kan doguwar gora, yana danna ƙullu da nauyin jikinsa. Alin ta ce haka ake yi kafin zuwan inji. Fatar wantan kuwa, sai Apo ta ɗora ta a tafin hannu ta ga zanen hannunta ta ciki kafin ta yarda. In na cika nama da yawa, ko na matse ƙullin kamar ina ɗaure buhu, sai ta buge mini yatsu da tsinkayen cin abinci. Ba mu da kalma goma da muka haɗa, amma faɗanta kam ina ganewa sarai.

Ina cikin wata na biyar Hadiza ta kira ni ranar da ba Juma'a ba.

"Abban Ummi, na ɓoye maka wani abu. An yi wa Baba aiki a ciki, a asibitin Shika. Shi ya hana a faɗa maka, wai kada a raba maka hankali da karatu. An sallame shi, amma ya ƙi cin abinci. Ni dai tsoro nake ji."

Na sami Manaja a ofishinsa na ce ya ba ni fasfona, gida zan tafi. Bai ko ɗago daga wayarsa ba.

"Sai kwantenar nan ta tashi. Ka yi haƙuri mana, ai kowa yana da uba."

Da rana na kasa naɗe wantan ko ɗaya. Alin ta tambaye ni, na faɗa mata komai tun daga filin jirgi. Ta juya wa mahaifiyarta. Apo ta saurara, ta ci gaba da yanka albasa, kamar ba da ita ake ba.

Washegari da safe babbar mota ta zo lodi. Sai ga Apo ta rufe shagonta, ta ɗauko 'yar kujerarta ta roba, ta dasa ta a tsakiyar ƙofar sito, ta zauna ta harɗe hannu. Direba ya yi hon, ta ɗaga murya. Ban taɓa zaton wannan ɗan jikin yana ɗauke da irin wannan murya ba. Mai gyaran babur ya fito, mai kankana ya fito, matan saman bene suka leƙo. Aka kira mai ginin siton, wanda ashe kullum a shagonta yake karyawa. Alin tana gefe riƙe da waya, ta ce wa Manaja lambar 'yan sanda ce ta danna, saura ta kira. Ya yi lallashi, ya yi rantsuwa, ya kira ni gefe wai mu 'yan gida ɗaya ne kada in tona masa asiri. Ƙarshe ya shiga ya buɗe durowa ya miƙo mini fasfon. Apo ta karɓa ta buɗe, ta kalli hoton ta kalli fuskata, sannan ta ɗauki kujerarta ta koma. Kwanaki kaɗan suka rage bizata ta ƙare.

Ranar tafiyata na je sallama. Ta cusa mini lemo a aljihun riga biyu, ta tura ni waje da hannu, ta ƙi yarda mu haɗa ido.

Na iso Samaru ana tsakiyar damina, masara ta fi mutum tsawo a bayan gidanmu. Baba yana kwance a ɗakinsa. Mutumin da nake tunawa da faɗin kafaɗa, sai na tarar agogonsa yana yawo a tsintsiyar hannu.

"Injiniya, ka dawo? Ba dai saboda ni ka katse karatu ba?"

"Mun gama, Baba."

Ƙaryar ta fito da kanta. Hadiza, wadda na riga na faɗa wa gaskiya a hanya, ta sunkuyar da kai.

Likita ya ce ciwon ya warke, abin da ya rage ya ci. Amma cokali biyu na kunu sai ya kau da kai. An yi faten tsaki, an yi farfesu, an yi tuwo mai ruwa-ruwa da miyar kuka. Ya ce komai ɗaci yake masa. Ni kuma na ƙi buɗe rumfa, don na san teloli suna jirana da injinansu da tambayoyinsu. Sati guda ina zaune a tsakar gida ba ni da amfanin komai. Ran nan da safe na ga an fito da kwanon kununsa yadda aka shiga da shi, sai na ɗauki jakar cefane na hau bas.

A kasuwar Sabon Gari na sayi kaza aka yanka mini, da fulawa, da ƙwai, da ɗanyar citta, da albasa mai lawashi, da man riɗi. Jatan lande na samu a shagon masu kifin ƙanƙara. Baƙin ruwan waken soya sai da na shiga kanti uku a PZ kafin na dace. Wurin busasshen kifi, wata Inyamura ta ga ina ɗaga kifi ɗaya bayan ɗaya ina sunsunawa.

"Oga, kai za ka dafa? Madam ta yi yaji?"

Na ce babana ne ba lafiya. Ta daina dariya, ta shiga ciki ta zaɓo mini da kanta.

Gwajin farko bala'i ne. Na zuba kanwa da yawa, ƙullun ya yi kore-kore yana ɗaci, fatar kuma na murza ta da kwalba ta fito da kauri. Da na tsamo wantan ɗin daga ruwa, Hadiza ta leƙa tukunya ta riƙe ciki.

"Abban Ummi, wata biyar a Caina, ashe ɗanwake ka je koyo?"

Rabona da dariya irin ta ranar har na manta. Ita ce ta karɓi maganar kanwar. Ta jiƙa ta tun safe, ta bari ta kwanta, ta tsiyaye na saman garau, ta ce cokali ɗaya ƙarami ya isa. Ta kuma leƙa gidan Mama Rifkatu maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar firamare, ta aro injin murza taliya. Mama Rifkatu ta biyo ta da kanta don ta ga abin da idonta, ta zauna a kan turmi tana ba da umarni.

"Nura, kada ka yi tsalle. Lamba ɗaya bayan ɗaya za ka bi har ta ƙarshe, in ba haka ba ya yage."

Ƙullun taliyar yana da tauri, hannu ba ya iya masa. Na naɗe shi a leda mai tsabta, na ɗora a benci, na kwantar da taɓarya a kai ina dannawa da duk nauyina, ina ninkewa ina sake dannawa, gumi yana zuba. Matan biyu suna kallo suna ba juna labarina kamar ba na wurin. A kwana na uku na ɗora fatar a tafin hannu na hango zanen hannuna, dishi-dishi. Na gasa kifin a kan gawayi, na ɗora romo tun hantsi a wuta kaɗan, ina kwashe kumfa. Na daddatsa cinyar kaza da jatan lande, na sa citta da man riɗi da gishiri. Hadiza ta kalli yadda nake naɗewa sau biyu, a na uku ta fi ni iyawa.

Bayan azahar na jera wantan huɗu a gindin kwano, taliya kaɗan a kai, na zuba romo ta gefe, na barbaɗa lawashi. Na shiga da sallama na durƙusa.

"Tun safe nake jin ƙamshin kifi," in ji Baba. "Mene ne wannan?"

"Abincin can ne. Ka ɗan taɓa ko romon ne."

Na tallafe shi ya jingina da filo. Ya kurɓi cokali ɗaya. Ya sake kurɓa. Ya kamo wantan ɗaya, ya juya shi yana duba yadda aka haɗa bakinsa, sannan ya kai baki. Ya ci uku, ya shanye romon. Hadiza tana bakin ƙofa ta toshe baki da gefen hijabi.

Ya ajiye cokalin ya dube ni.

"Wannan ba a masana'anta aka koya maka ba."

Nan na faɗa masa komai: siton, kwalayen, fasfon, tsohuwar da kujerarta. Ban ɗago kai ba har na gama.

"Duk Juma'ar nan da kake ce mini kana kwance inji, kwali kake ɗauka?"

"E, Baba."

"Kwalin bai dame ni ba, Ɗanlami. Ni ma na ɗauki buhun taki kafin a ba ni sitiyari. Abin da ya dame ni, kana cikin wahala ina ta yi maka addu'ar cin jarrabawa. Da ka faɗa, ai da na san abin da zan roƙa maka."

Na ba shi haƙuri. Ya ɗaga hannu alamar ya isa.

"Ranar Litinin ka je ka buɗe rumfarka. Wanda ya tambaye ka, ka faɗa masa yadda ka faɗa mini. Ita kuma baiwar Allahn nan, ana iya samunta a waya?"

Na rubuta wa Alin, muka tsayar da ƙarfe tara na safe, lokacin da su can yamma ta yi kuma shago ba cunkoso. Tun bakwai Baba ya sa aka kai masa ruwan wanka. Ya ce a ciro masa babbar rigarsa ta sallah da hula, rigar tana neman haɗiye shi. Ya dafa kafaɗata ya tako har tsakar gida, karo na farko tun dawowarsa daga asibiti, ya zauna a kujera ya gyara zama. Na ajiye masa kwano a gaba, na jingina wayar da fulas.

Fuskar Apo ta cika gilashin, ta matso sosai har hancinta kawai muke gani. Kafin a gaisa ta yi magana da ƙarfi. Alin ta ce wai in ɗago wantan ɗaya ta gani. Na ɗago a cokali. Apo ta girgiza kai ta yi ta faɗa, Alin tana dariya.

"Ta ce fatar ta yi kauri, wai bargo ka lulluɓa wa naman."

Na fassara wa Baba. Ya ce in bar wannan, in faɗa mata maganarsa daidai yadda ya faɗa. Ya dafa ƙirji.

"Ka ce mata ni ne uban wannan. Ta ciyar da shi a inda ni ko ruwa ba zan iya kai masa ba. Ba ni da abin da zan saka mata da shi. Allah ya ba ta lafiya, ya sa 'ya'yanta su ji ƙanta."

Na juya da Turanci, Alin ta juya da yarensu. Apo ta kalli Baba. Ta goge ido da bayan hannu da sauri, sannan ta nuna shi da yatsa ta faɗi wani abu gajere.

"Ta ce Baba ya rame da yawa. Ya bar surutu ya ci, taliyar tana jiƙewa."

Da na faɗa masa, Baba ya yi dariya har ya dafe wurin ɗinkin. Ya ce, "To, Hajiya." Ya yi bisimilla ya ɗauki cokali.

Ba ta kashe wayar ba. Ta zauna ta zuba masa ido, ba ka jin komai sai ƙarar cokali da kukan kajin Mama Rifkatu ta bayan katanga. Da ya gama, ya ɗaga kwanon da hannu biyu, ya karkata shi wajen wayar don ta ga babu saura.